Ra'ayinmu: Ilimin karkara ba zai miƙe ba sai an miƙa wa masu gari ragamarsa

A duk shekara idan kakar kasafin kuɗi ta kama, ofisoshin Sakatariyar Tarayya kan cika da takardun ayyukan raya karkara: azuzuwa kaza a mazaɓa kaza, rijiyar burtsatse a nan, ɗakin shan magani a can. Majalisa ta amince, a ba da kwangila, a yi bikin buɗewa, a ɗauki hoto, ayarin motoci ya juyo Abuja. Abin da ba kasafai ake komawa a duba ba shi ne halin da ajin yake ciki bayan damina biyu: ko akwai malami a cikinsa, ko yaran gari na zuwa, ko kuwa iska ta yaye kwanon an bar wa awaki wurin kwana. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da ma'aikatan tarayya da hadiman masu riƙe da muƙamai, waɗanda da alƙalaminsu ake tsara abin da shugabanni ke sa wa hannu, za su tsaya su amsa tambayar da aka daɗe ana kauce mata: makarantar ƙauye ta wa ce, kuma a hannun wa ya kamata ragamarta ta kasance?

Idan dai dokoki ne, Najeriya ba ta cikin matalauta. Sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa gwamnati aikin kawar da jahilci da samar da ilimin firamare kyauta kuma tilas, har da shirin koya wa manya karatu da rubutu. Gaskiya ne sashen yana cikin Babi na Biyu, wanda kundin da kansa ya hana a kai gwamnati ƙara a kansa, amma dokokin da suka biyo baya sun toshe wannan kafa. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 da Dokar Ilimin Bai-Ɗaya ta 2004 sun fito ƙarara sun ce kowane yaro yana da haƙƙin samun ilimi kyauta tun daga firamare har ƙaramar sakandare. A Nuwamban 2010 Kotun ECOWAS, a shari'ar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta tabbatar da cewa ilimi haƙƙi ne da ɗan Najeriya zai iya nema a gaban alƙali. A Maris na 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci makamancin wannan a ƙarar da ƙungiyar LEDAP ta kai. Kuɗi ma an tanada, domin doka ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC don ta tallafa wa jihohi.

Duk da wannan tarin takardu, a 2022 UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ne ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan. Mafi yawansu a karkara suke, 'ya'ya mata kuma su ne suka fi jin jiki. Ana iya jayayya a kan lissafin, hukumomi ma sun sha yi, amma babu mai jayayya da abin da ido ke gani a kasuwar ƙauye da hantsi, lokacin da ya kamata a ce yaran da ke tallar gyaɗa da dakon kaya suna zaune a aji.

Dalili na farko da ya sa dokokin ba su ci ba shi ne masu haƙƙin ba su san da shi ba. Dokar 2004 ta haramta karɓar kuɗi a firamare da ƙaramar sakandaren gwamnati, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku ga wanda ya karɓa. Iyaye nawa ne a ƙauyukan Kwali da Abaji, balle waɗanda ke can nesa da kwalta a Taraba ko Kebbi ko Ebonyi, suka taɓa jin wannan? Da Turanci aka rubuta dokar, a Abuja aka buga ta, a kabad aka jibge ta. Uwar da aka koro wa ɗa saboda kuɗin jarrabawa ko kuɗin alli ba ta san an zalunce ta ba, ɗauka take talaucinta ne ya jawo mata. Wani abin takaicin, dokar nan dai ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta. Ke nan ana iya ɗaure mutum a kan dokar da ba a taɓa karanta masa da harshen da yake ji ba.

Dalili na biyu yana cikin yadda gwamnati ta saba kashe kuɗi. Gini yana da kwangila, yana da allon sanarwa mai ɗauke da sunan wanda ya kawo aikin, yana da ranar buɗewa da 'yan jarida. Malamin da zai tare a ƙauye shekara uku yana koyar da manya bayan la'asar ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi ya sa kaso mafi tsoka na tallafin da jihohi ke karɓa daga UBEC ke ƙarewa a bulo da siminti, ayyukan mazaɓu kuwa in ba gini ba ne to rabon babura ne da kekunan ɗinki. Makarantun tsangaya na zamani sama da 150 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina, farawa da ta Gagi a Sakkwato a 2012, sun isa misali. Niyyar ta yi kyau, gine-ginen ma haka. Sai dai daga sama aka tsara shirin, ba a ba alarammomi da iyayen yara gurbin da ya dace da su ba, jihohin da aka miƙa wa makarantun kuma ba su riƙe su da hannu biyu ba. A yau da yawa daga cikinsu sun lalace, wasu an mayar da su wani abin daban. Abin da aka gina wa mutane ba tare da shawararsu ba, ko rugujewa yake a gabansu kallon kayan gwamnati suke yi masa.

Domin a ga yadda lamarin kan kasance idan aka fara daga ƙasa, ya dace mu leƙa Senegal. A 1991 aka kafa ƙungiyar Tostan a ƙarƙashin jagorancin Molly Melching, Ba'amurkiyar da ta je ƙasar karatu a 1974 ta yi zamanta. A harshen Wolof kalmar tostan tana nufin ƙyanƙyasar ƙwai, wato ɓullowar sabon rai daga ciki. Shirin ƙungiyar yakan ɗauki kimanin shekara uku a kowane ƙauye, kuma ba ya farawa sai mutanen gari sun amince, sun ɗauki nauyin masaukin malami da abincinsa da wurin da za a yi karatu. Malamin mai jin harshen wurin ne, a cikinsu yake kwana yake tashi. Aji biyu ake buɗewa, na manya da na matasa, da harshen gida ake karatu, ana kuma amfani da waƙa da wasan kwaikwayo da labari da muhawara, kayan da mutanen karkara suka gada kaka da kakanni.

Abin lura shi ne yadda aka jera darussan. Zangon farko ana kiransa Kobi, kalmar Mandinka mai nufin gyaran gona, kuma kusan dukkansa da baka ake yi. Akan fara da tambayar jama'a wane irin gari suke fatan 'ya'yansu su tashi a ciki, sannan a shiga batun shugabanci da dimokuraɗiyya, haƙƙoƙin ɗan'adam da nauyin da ke tafe da kowannensu, dabarun warware matsala, tsafta da lafiya. Sai an kammala wannan ake shiga zango na biyu, Aawde, kalmar Fulatanci mai nufin shuka, inda ake koyon karatu da rubutu da lissafi da tafiyar da ƙaramin aiki, har da aika saƙo ta wayar hannu. Kowane manomi ya san hikimar, domin ba a zuba iri a gonar da ba a share ba. Macen da ta riga ta gane dalilin da zai sa ta iya karanta katin asibitin ɗanta ko takardar filin gadonta ba ta bukatar a roƙe ta ta zo aji.

Tare da azuzuwan, gari yakan zaɓi kwamitin gudanarwa mai mutum 17, aƙalla tara daga cikinsu mata. Shi ke bibiyar rajistar haihuwa da sa yara makaranta da rigakafi da tsaftar gari, shi ke riƙe ƙaramin asusun da ake ba mata bashin jari, shi ne kuma ke ci gaba da aiki bayan malami ya ɗaure kayansa ya tafi. Ana kuma neman kowane ɗalibi ya ɗauki wani, ɗan'uwa ko maƙwabci, ya riƙa isar masa da abin da ya koyo, ta yadda karatun aji guda kan kewaye gari ya tsallaka maƙwabta.

Sakamakon da ya fi shahara bai ma kasance cikin manufofin shirin na asali ba. A ranar 31 ga Yulin 1997 matan ƙauyen Malicounda Bambara, bayan sun ɗauki darussan lafiya da na haƙƙin ɗan'adam, sun tsaya a gaban 'yan jarida suka shelanta cewa sun daina yi wa 'ya'yansu mata kaciya. Maƙwabta suka fusata, suka zarge su da cin amanar al'ada. A nan ne limamin ƙauyen Keur Simbara, Demba Diawara, ya kawo gyaran da ya sauya akalar aikin gaba ɗaya. Ya nuna cewa ƙauye guda ba zai iya barin al'adar shi kaɗai ba, tunda da maƙwabtansa yake auratayya, yarinyar da ba a yi wa ba kuwa za ta rasa miji. Don haka sai dangi da surukai sun yanke shawarar tare, kuma sai an yi musu magana cikin mutunci, ba da kalaman tozarci ba. Dattijon ya taka da ƙafarsa ƙauye bayan ƙauye, yana zama da dangi yana saurarensu, har a Fabrairun 1998 ƙauyuka 13 suka haɗu a Diabougou suka yi shela da murya ɗaya. A 1999 majalisar dokokin Senegal ta haramta kaciyar mata, wato doka ce ta biyo sawun jama'a. Daga baya dubban ƙauyuka a Senegal da Gini da Gambiya da wasu ƙasashe suka yi irin wannan shela, wasu suka haɗa da auren dole da aurar da ƙananan yara. A 2007 Tostan ta samu lambar UNESCO ta yaƙi da jahilci mai sunan Sarki Sejong, ta kuma samu kyautar Hilton ta ayyukan jinƙai.

Wannan ba ya nufin Senegal ta gama da matsalolinta. Shela a dandali ba ta sa kowane gida ya daina a rana ɗaya, kaciyar mata tana nan a wasu sassan ƙasar, shirin ya dogara da tallafin waje, shekara uku kuwa doguwar jira ce ga ɗan siyasar da ke neman abin nunawa kafin zaɓe. Amma darasin ya fito sarari. Mutanen karkara kan rungumi batun haƙƙi idan aka kawo shi da harshensu, aka ɗora shi a kan burin da su da kansu suka furta, aka kuma bar musu yanke shawara tare da limamansu da dattawansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin na waje shi ne ya kawo tsani da kwano, ba ya hau rufin ya fara ɓamɓara ba.

Kada wani ya ce wannan baƙon tunani ne da aka aro daga ƙetare. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa tsarin 'Yan Taru. Akan zaɓi dattijuwa amintacciya daga ƙauye a naɗa ta jaji, a ba ta malfa alamar muƙami, ta riƙa jagorantar mata zuwa wurin Nana su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su koyar da 'yan'uwansu a gida. Tsarin ya ci gaba da rayuwa bayan rasuwarta a 1864, domin a hannun matan ƙauyen yake. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwa a zauruka da gindin itatuwa, hukumar NORLA a Zariya tana buga littattafai da ƙananan jaridun larduna da harsunan gida. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aikinta ya kai ta ga samun lambar yabo ta UNESCO. A Kudu kuma ƙungiyoyin ci gaban gari, musamman a ƙasar Ibo, da gumin 'ya'yansu suka gina makarantun sakandare masu yawa, suka tura yara karatu da kuɗin karo-karo. Babu yankin ƙasar nan da bai san wannan hanya ba. Mun sake ta ne tun lokacin da kuɗin man fetur ya koya mana jiran Abuja a kan komai.

Hatta tsarin da muke kira a ƙarfafa yana nan a takarda. Kimanin shekara 20 ke nan da Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makarantar gwamnati ta kafa kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC, mai ƙunshe da hedimasta da wakilan malamai da iyaye da mai gari da malaman addini da mata da tsofaffin ɗalibai, har da ɗaliban kansu. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta tallafa daga 2008 zuwa 2017 a jihohin Kano, Kaduna, Jigawa, Kwara, Inugu da Legas ya nuna cewa idan aka horar da kwamitin aka riƙa bibiyarsa, yakan dawo da yaran da suka bar makaranta, ya sa ido a kan zuwan malamai, ya kai kukan gari ga ƙaramar hukuma. Shirin CSDP mai tallafin Bankin Duniya shi ma ya nuna cewa ƙauye zai iya zaɓar aikinsa, ya buɗe asusu, ya sayi kaya, ya ba da lissafi. Ita kanta UBEC tana da shirin ba kwamitocin tallafi kai tsaye domin ƙananan gyare-gyare. Matsalar ita ce a makarantu da dama kwamitin jerin sunaye ne kawai, wanda hedimasta ke zarowa daga aljihun tebur ranar da masu duba makarantu za su zo. Babu horo, babu asusu, babu ikon ganin takardar kwangilar ajin da ake ginawa a gabansu. Inda aka samu nasara kuwa, sau da yawa ƙarewar tallafin waje ita ce ƙarewar aikin.

Akwai masu ɗari-ɗari da wannan kira, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Wasu na tsoron kada kalmar al'umma ta zama mayafin da gwamnati za ta lulluɓa da shi ta zame daga nauyinta, a wayi gari manomin da bai iya sayen taki ba an ɗora masa kuɗin kwano da albashin malami. Tsoron nan yana kan hanya, domin an sha ganin haka da sunan ƙungiyar iyaye da malamai. Matsayinmu shi ne biyan kuɗin ilimin bai-ɗaya wajibi ne a kan gwamnati kamar yadda doka ta ce, ko sisi bai kamata a karɓa daga iyaye ba. Abin da muke so a miƙa wa gari shi ne ikon zaɓar abin da za a yi, da ikon ganin lissafi, da ikon cewa ba a yi daidai ba.

Wasu kuma na cewa ƙauye ba masallaci ba ne, a can ma akwai masu ƙarfi da raunana. Idan aka ba kwamiti kuɗi, mai gari da 'yan'uwansa da shugaban jam'iyya na mazaɓa za su mamaye shi, mata da makiyaya da baƙi da masu naƙasa su koma 'yan kallo. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ajin manya ya zama wajibi kafin asusu. Kwamitin da aka kafa a garin da ba a san haƙƙi ba, sabon fada ne kawai aka buɗe. Amma inda mata talatin suka iya karanta adadin da aka rubuta a allo, suka kuma saba tashi su yi magana a taro, cin kuɗin makaranta yakan yi wuya fiye da yadda yake a ofishin da ke nesa da idon kowa.

Sai masu ganin cewa duk inda aka ambaci haƙƙin ɗan'adam to wata manufa ce ta Turawa aka ɓoye. Zargin bai faɗo daga sama ba, domin an ga ƙungiyoyin da suka shigo gari da tsawa da raini, suka tafi suka bar gaba. Maganinsa shi ne abin da limamin Keur Simbara ya yi. Haƙƙin yaro a kan iyayensa, haƙƙin mace ta nemi ilimi, haƙƙin maraya da na maƙwabci, duk kalmomi ne da masallaci da coci suka riga kowace yarjejeniyar duniya furtawa a ƙauyukanmu. Manhajar da aka tsara tare da malaman addini da sarakuna, ta fara daga abin da jama'a suka riga suka yi imani da shi, ba za ta gamu da ƙofa a rufe ba.

Magana ta ƙarshe ita ce tsaro, kuma a nan babu kwaskwarima. Bayan Ƙanƙara a 2020, da Kagara da Jangebe da Tegina a 2021, da Kuriga a 2024, ba a yi wa uban da ya ƙi tura ɗansa makarantar bayan gari wa'azin muhimmancin ilimi. Babu kwamitin da zai maye gurbin soja da ɗansanda. Iyakar abin da za a ce shi ne garin da ke da kwamiti mai rai ya fi saurin jin motsin baƙin fuska, ya fi sanin wanda zai kira, kuma idan aka tarwatsa shi ya fi iya sake haɗa 'ya'yansa a ƙarƙashin rumfa a inda ya yi gudun hijira.

To me ya rage ga Abuja, tunda firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi take? Abuja ce ke riƙe da jakar tallafi, mai jaka kuwa shi ke gindaya sharaɗi. Da farko, UBEC ta sa a cikin ƙa'idojinta cewa ba za a amince da aiki a wata makaranta ba sai da takardar zaman kwamitinta mai nuna cewa shi ya nemi aikin, kuma ba za a biya ɗan kwangila kason ƙarshe ba sai kwamitin ya sa hannu. A manna bayanin kwangilar a bangon makaranta da harshen gari: nawa aka ware, wa aka ba, yaushe zai gama. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta riga ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin wannan bayani, bai kamata sai ɗan ƙauye ya ɗauki lauya kafin ya gani ba.

Na biyu, tallafin kai tsaye ga kwamitoci ya tashi daga sa'ar da kan faɗo wa 'yan makarantu kaɗan, ya zama kaso tsayayye da ke shiga asusun kowace makarantar karkara a kowane zangon karatu. Masu sa hannu su kasance aƙalla biyu, ɗaya mace, a kuma karanta lissafin a bainar jama'a kafin a saki na gaba.

Na uku, a farfaɗo da Hukumar Yaƙi da Jahilci ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1990 amma take rayuwa a kan ragowar kasafi. A ba ta kuɗin ɗaukar malaman manya da za su tare a ƙauyuka na tsawon shekara uku. Ba sai an nemo su daga nesa ba, kowace ƙaramar hukuma cike take da masu takardar NCE da ke zaman jiran aiki, masu jin harshen wurin, waɗanda aka san iyayensu. A biya su alawus a kan kari, domin malamin da ke bin bashin wata shida ba zai koya wa kowa neman haƙƙi ba.

Na huɗu, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da Hukumar Wayar da Kan Jama'a, wadda ke da ofisoshi a ƙananan hukumomi, su haɗa hannu su mayar da Dokar Ilimin Bai-Ɗaya da ta Haƙƙin Yara da ta hana cin zarafin jama'a ta 2015 zuwa magana mai sauƙi da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Nufanci da Tibi da Gwari da Ibo da Yarbanci da sauransu. A kai su rediyo, a kai su ajin manya, a kai su rugage ta hannun Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989 domin irin wannan aiki.

Na biyar, a sauya ma'aunin da ake auna nasara da shi a rahotannin ma'aikatu. Adadin azuzuwan da aka gina ba ya nuna ko an koyi wani abu. Rahoton da ya kamata darakta ya nema shi ne yara nawa aka tarar a aji ranar da aka je ba tare da sanarwa ba, nawa ne daga cikin 'yan aji huɗu suka iya karanta sakin layi guda, sau nawa kwamiti ya zauna, mata nawa suka yi magana. Yanzu da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma Kundin Tsarin Mulki ya ba su hannu a ilimin firamare da na manya, bukatar idon jama'a a ƙasa ta ƙaru. Idan kuɗin ya sauka ba tare da masu tambaya ba, wurin ɓarnar kawai aka sauya.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne nan Babban Birnin Tarayya, inda babu gwamnan da za a ɗora wa laifi. Shugaban Ƙasa ne ke naɗa ministan Abuja, Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka da kasafi. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumominta shida sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi. 'Ya'yan masu hali suna makarantun kuɗi, na manoman Kuje da Kwali da Abaji da Bwari da Gwagwalada ne suka rasa zangon karatu, iyayensu kuma ba su da wani zaure da za su haɗu su ɗaga murya. Idan Gwamnatin Tarayya ta kasa gwada wannan tsari a ƙauyukan da ke tafiyar sa'a ɗaya ko biyu daga Sakatariya, da wane baki za ta umarci jihohi su yi?

Mafi yawan masu karanta wannan shafi daga karkara suka fito, ko su ko iyayensu, kuma akwai wani malami ko wata dattijuwa da ta tsaya musu har suka kai inda suke. Babban sakatare ba ya rubuta daftari da kansa, minista ba ya tsara jadawalin kasafi da hannunsa. Mataimakin darakta ne ke zaɓar ko zai saka layin albashin malamin manya ko zai ƙara wani gini, hadimi ne ke zaɓar ko ziyarar maigidansa za ta tsaya a yanke zare ko za a zauna a tabarma a saurari kwamiti. Muna kira ga kowannensu, a duk takardar aikin karkara da ta biyo ta teburinsa a wannan shekara, ya nemi shafin da ke nuna cewa an tambayi masu gari kuma sun amince. Idan babu shafin, ya mayar da takardar inda ta fito.